Mun Ba Awaki Dusar, Mun Koma Layin Maganin Basir

Kusan kullum bayan la'asar sai wata tsohuwar mota ta tsaya a bakin titin unguwarmu, lasifika ɗaure a samanta, jarkoki da ƙullin garin magani jere a kan but. Muryar da ke fita daga lasifikar nan ba ta san kunya ba: basir mai tsiro, basir mai jini, mai sa kasala, mai hana magidanci sauke nauyin iyali, mai sa mutum ya shiga banɗaki ya yi ta nishi kamar mai naƙuda. In kana tafe da surukinka sai ka rasa inda za ka ajiye idonka. Amma ka ɗan tsaya gefe ka kalli masu saye. Ɗan kasuwar da ya taso daga Kwari, malamin makaranta, ɗan adaidaita sahu, kowa ya miƙa kuɗi yana waige-waige, ya cusa ƙulli a aljihu ya yi gaba. Ni ma na yi shekaru a cikin masu waigen nan, don haka ba gori nake yi wa kowa ba.

Mahaifiyata ce ta fitar da ni daga layin. Ta zo daga ƙauye aikin ido, ta yi kusan wata biyu a gidana. Wata safiya na fito daga banɗaki bayan na daɗe, tana zaune a tabarma tana lazimi, ta bari sai da ta shafa sannan ta ce, "Kai kuwa yaushe rabonka da tuwon dawa?"

Na ce, "Inna, ai yaran ne ba sa so."

Ta ce, "Cikinka nake tambaya, ba na yara ba. Tunda na zo gidan nan shayi da burodi da safe, farar shinkafa da rana, taliya da dare. Wannan ko jaki aka ɗora wa ai sai ya ƙulle."

Daga ranar ta karɓe tukunyar dare a hannun maiɗakina, cikin raha irin ta uwar miji da ba a iya yi mata musu. Tuwon dawa da miyar kuka, jibi miyar kuɓewa ɗanya, gata karkashi. Da yamma ta sa a sayo zogale ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli da albasa da tumatir. Ran Juma'a faten wake da alayyafo. Nama kuwa ba ta hana ba, amma tsoka biyu a tukunya ta ishe ta, sauran aikin daddawa ce ke yi. Kafin ta koma gida ƙullin maganin da na saya yana nan kan taga ya yi ƙura.

Ra'ayina ke nan, kuma na san masu jarka ba za su so shi ba: kaso mai yawa na abin da muke kira basir a Kano taurin bayan gida ne da muka sayo da kuɗinmu, ranar da muka juya wa ganye da wake da tsabar hatsi baya muka rungumi farin gari.

Abin dariyar shi ne, a lokacin da muke gudun wannan abinci, waɗanda muke kwaikwayo su kuma sun juyo suna nemansa. Kwanakin baya babbar 'yata ta nuna mini wani bidiyo a TikTok, wata Baturiya tana bayanin yadda ta bar nama ta koma cin tsirrai zalla, cikinta ya yi sakayau. Na duba abin da take zubawa a kwano: garin 'ya'yan kuka, garin zogale, gero, wake. Tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da garin 'ya'yan kuka a matsayin abinci a ƙasashenta, wannan dai da yaranmu ke tsotsa a hanyar makarantar allo. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Yarinyar tana so in ba ta kuɗi ta sayo irin na cikin kwalba a kanti. Na ce mata ta leƙa kicin, buhun yana bayan ƙofa.

Ga yadda abin yake aiki, kamar yadda masana suka gano. Abin da ka ci, tumbi da ƙaramin hanji su ke narkar da shi su tsotse. Farar shinkafa da fulawa da sukari a nan suke ƙarewa, kusan ba abin da ke saura. To amma a can ƙasa, cikin babban hanji, akwai wata al'umma ta ƙananan halittu da ido ba ya gani. An ƙiyasta bakteriyar da ke jikin baligi guda sun kai kusan tiriliyan 38, kuma mafi yawansu a nan suke zaune. Su ma da bakinsu. Abincinsu shi ne abin da hanjinmu ya kasa narkarwa, wanda likitoci ke kira faiba: ɓawon wake, dusar hatsi, zare-zaren ganye, yauƙin kuɓewa da na kuka. In wannan ya isa gare su sai su ruɓar da shi, kamar yadda kalwa ke ruɓa ta zama daddawa, su fitar da wasu sinadarai. Ɗaya daga ciki, butiret, shi ne babban abincin fatar babban hanji, yana kuma taimakawa wajen kwantar da kumburinta. Ita kuma faibar da ta saura tana riƙe ruwa, bayan gida ya yi laushi da auki, ya fita ba tare da yunƙuri ba. Yunƙurin nan na kullum yana cikin manyan abubuwan da ke kumbura jijiyoyin dubura, wato basir na gaskiya wanda asibiti ta sani.

Wanda ya karya da burodi, ya yini da shinkafa, ya kwana da taliya, ya ƙoshi. Baƙin da ke cikin hanjinsa kuwa da yunwa suka kwana.

Wani bincike da aka buga a 2010 ya fi kowanne burge ni, don kusan a gidanmu aka yi shi. Masana daga Italiya sun gwada bayan gidan yaran wani ƙauye mai suna Boulpon a Burkina Faso da na yaran birnin Florence. Me yaran ƙauyen ke ci? Gero, dawa, wake, ganyayyaki, nama sai jefi-jefi. Abincin Inna ke nan ba ƙari ba ragi. Aka tarar halittun cikinsu sun fi na yaran Turai yawan iri, suna da nau'in da ya ƙware wajen narkar da dusa da ɓawo wanda babu shi a cikin yaran Florence, kuma waɗancan sinadarai masu amfani sun fi yawa a wurinsu. Wani zai ce ai jinsi ne, baƙar fata daban Bature daban. To a 2015 an buga wani gwajin da ya taɓa wannan. Aka ɗauki baƙaƙen fatar Amurka 20 a birnin Pittsburgh da mutanen karkara 20 a KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu, aka yi musu musayar abinci na mako biyu kacal. 'Yan Amurka suka koma masara da wake da ganye, 'yan ƙauye suka koma soyayyen nama da maiƙo. Da aka leƙa hanjinsu, butiret ya ninka fiye da sau biyu a cikin 'yan Amurkan, ya faɗi da kusan rabi a cikin mutanen ƙauyen, alamomin haɗarin sankarar hanji kuma suka yi musaya kamar yadda kwanon abinci ya yi. Mako biyu fa. Tun kafin waɗannan, wani likitan tiyata ɗan Ayalan, Denis Burkitt, wanda ya yi kusan shekara 20 a Yuganda, ya lura cewa cututtukan hanji da suka cika asibitocin Ingila ba kasafai yake ganinsu a wurin mutanen karkara ba. Mutumin nan har bayan gidan mutane ya riƙa ɗorawa a sikeli don ya kafa hujja.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya ce to shi ke nan, tunda nama ya fi ƙarfin aljihunmu ai mun tsira. Nan ne na rabu da masu yayata cin tsirrai a intanet, waɗanda duk maganarsu a kan barin nama take. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 gidaje nawa ne a Kano suka bar nama ba don suna so ba? Amma me ya maye gurbinsa? Shinkafa da mai da yaji. Taliya da manja. Gurasa. Indomie ga yara. Duka daga tsiro suka fito, babu ko ƙashi a ciki, kuma kusan babu abin da zai kai ga babban hanji. Awara da ta cika kowane lungu tana da kirki wajen gina jiki, ban raina ta ba, amma dusar waken suyan an tace ta an sayar wa masu kiwo tun kafin a kai ga kasko. Rashin nama a kwano ba ya gyara ciki. Abin da aka sa a kwanon ne ke gyarawa, da kuma yawan irinsa, domin halittun nan kowane dangi da abin da yake ci.

Shi ya sa nake ganin ba mu ba garau-garau girman da ya kamata ba. In mai garau-garau ta cika hannu da wake, ta watsa latas da tumatir da albasa a kai, talaka ya ci abin da ya fi soyayyar shinkafar gidan biki amfani ga hanji, nesa ba kusa ba. Haka ɗanwake na asali, wanda aka haɗa da garin wake da kuka, ba na fulawa zalla da ake yi yanzu don sauri ba. Haka dambu in an cika masa zogale. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, a nan Kano cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, wato IITA, ke da tashar binciken irinsa, kasuwar Dawanau kuma tireloli ke lodinsa zuwa kudu da ƙasashen maƙwabta. A garin da yake da wannan, a ce yaro ya yi mako bai ga ƙwayar wake a kwanonsa ba, akwai abin dubawa.

Sannan ga surfe. Mun ɗauki dawa ko masara mu kai inji, a surfe ta tas, a bakace, a wanke, a niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi, sai tuwo ya fito fari sol kamar auduga, a yabi matar gida. Dusar kuma a zuba wa awaki, su yi ɓul-ɓul suna sheƙi. Ban ce surfe ba shi da dalili ba. Yana fitar da datti, yana rage ɗacin jar dawa, kuma tuwon ya fi daɗin tuƙi. Amma akwai tazara tsakanin a ɗan goge hatsi da a yi masa tsirara. Malamanmu suna karantar da hadisin Sahlu bin Sa'ad da ke cikin Buhari, inda aka tambaye shi ko suna da rariya a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu. Aka ce to yaya kuke yi da sha'ir? Ya ce niƙawa suke yi su hura, abin da ya tashi ya tashi, saura su kwaɓa su ci. Mun sha jin hadisin a babin gudun duniya. Ni yanzu ina jin sa har a babin lafiyar ciki.

Gaskiyar magana, abin da ya raba mu da ganye ba ɗanɗano ba ne kawai, har da jin kunya. Rama da tafasa da zogale sun zama tambarin babu. Mace za ta sayi kwaɗo a ƙofar gida ta ɓoye a mayafi kada maƙwabta su ce miji ya gaza. Baƙo ya zo, in ba a yanka kaza an dafa farar shinkafa an jera lemon kwalba ba, an wulaƙanta shi. Tuwon girma miyarsa nama, haka muka gada, kuma ba laifi a ranar girma. Matsalar ita ce wanda Allah ya buɗa wa sai ya mayar da kowace rana ranar girma: tsire da daddare, balangu a hanyar gida, farfesu da safe, ganye kuwa sai dai wanda aka yi ado da shi a gefen faranti. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya gargaɗi mutane game da nama, ya ce yana da jaraba irin ta giya. A 2015 kuma hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa, irin su sosej, a jerin abubuwan da ke jawo sankarar hanji, jan nama kuma a jerin waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa. Wanda ya kawo maganar a majalisa sai a ce masa hassada yake yi.

Duk da haka ba zan ce wa kowa ya haramta wa kansa abin da Allah ya halatta ba, kuma ko ta fuskar lafiya ban yarda da barin nama da nono da ƙwai kwata-kwata a wuri irin namu ba. Akwai bitamin B12 da ba a samu a tsiro, rashinsa yana jawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. Baturiyar cikin bidiyo tana da ƙwayarsa a durowa, ba ta dai nuna ba ne. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye jiki ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama, ga shi muna da al'adar kora abinci da shayi mai kauri, wanda ke ƙara toshe hanyar. Matsa lemon tsami ko cin ɗanyen tumatir tare da abincin yana taimakawa. A jihar da tamowa ke kwantar da yara, a ce wa mai ciki ko mai goyo ko yaron da aka yaye su bar ƙwai da kifi da nono, wannan zalunci ne. Cikin ƙaramin yaro ɗan mitsitsi ne, in aka cika shi da ganye da dusa ba wurin abin da zai gina shi. Maganata da manya nake yi, musamman mu masu zaman ofis da shago, da muke hawa abin hawa ko masallacin unguwa za mu.

Kuma kindirmo da nono da fura suna tare da ni a wannan magana, ba sa gaba da ita. Kindirmo ai halittu masu rai ne a cikinsa, gero kuma ga shi a fura. Abin da ke ɓata shi hannu uku na sukari da muke antayawa.

Na san ƙorafin da ke tafe: wake yana kumbura ciki, yana sa mutum sakin iska, ga alwala. Haka ne. Iskar nan alama ce halittun sun samu abinci suna aiki, kuma ta fi damun wanda ya daɗe bai ci ba sannan ya tashi rana ɗaya ya cinye kwano guda. Ni satin farko na girkin Inna sai da na riƙa sabunta alwala tsakanin Magariba da Isha'i, daga baya ciki ya saba. A fara kaɗan-kaɗan, a jiƙa waken a zubar da ruwan jiƙon, a dafa shi ya yi luguf, a rage kanwar da ake zabgawa. A kuma sha ruwa, don faiba ba ruwa a zafin Kano na watan Afrilu tana iya ƙara ƙulle mutum. Wanda yake da wata cutar hanji da likita ya tabbatar, shi ya bi abin da likitansa ya ce, wasunsu wake da albasa na tayar musu da ciwo.

Wani ƙorafin ya fi wannan nauyi, shi ne tsabta. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu lambunan da ke bakin Jakara da ruwan kwata ake ba su, latas da kabeji da alayyafon kuma kasuwa suke zuwa. Wanda ya ci ɗanyen ganye ba wanki yana neman lafiyar hanji, zai iya kwasar taifot ko tsutsar ciki. Daga nan sai kemis, a haɗo masa kafso kala-kala ba gwaji, magungunan su kashe mugu su kashe nagari a cikin hanji, a koma gidan jiya. Miyar da ta tafasa ba ta da wannan matsalar, wannan ma wata hikima ce ta kuka da kuɓewa. Ɗanye kuwa a wanke shi da ruwa mai kyau, ba tsoma-ka-cire a bokiti ɗaya tun safe ba. Wannan ɓangaren aikin hukuma ne kamar yadda yake aikin uwar gida, kuma na fi so in ga jami'an lafiya a Yankaba da bakin lambu fiye da a taron bita a otal.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, da giram 25 na faiba. Ba wanda zai ajiye sikeli a kicin, kuma ba sai an je 'Yan Lemo an sayo tuffa ba. Goruba, aya, gyaɗa, gurjiya, magarya, ɗinya, kanya, mangwaro a lokacinsa, gwaiba da 'ya'yanta, dafaffen dankali, yalo, duk suna cikin lissafi, kuma yawancinsu a faranti ake yawo da su a kan titi. Ko ɗumame yana da nasa rabon, domin sitacin da ya dahu ya huce wani sashensa yana canzawa ya ƙi narkewa a sama, ya gangara wurin waɗancan baƙi.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi. Wanda yake ganin jini a bayan gida, ko yake ramewa ba dalili, ko yanayin fitar bayan gidansa ya canza ya ƙi komawa, musamman in shekaru sun ja, to zogale ba ta isa ba, jarka ma ba ta isa ba. Ya tafi asibiti a duba. Sankarar hanji tana iya fara nuna kanta da irin alamomin da lasifikar nan ke jerawa, kuma wata shida da aka ɓata ana shan jiƙo ba ya dawowa. Wannan shi ne babban abin da nake riƙe da masu motar, fiye da batsar da suke cika mana kunne da ita.

Yanzu ni nake kai hatsin gidanmu inji ran Asabar, tunda yaran in aka aike su ba sa isar da saƙo. Karon farko na ce wa mai injin ya ɗan goge dawar kawai, kada ya surfe ta tas. Ya cire ƙyallen da ya rufe hanci da shi, gashin idonsa duk gari, ya dube ni.

"Alhaji, tuwon zai yi duhu fa. Hajiya za ta dawo mini da shi."

Na ce ba za ta dawo ba, mun gama wannan rigimar a gida.

Ya zuba, ya sassauta injin, ya ɗebo a tafin hannu ya nuna mini. Sannan ya leƙa buhun da yake tara dusar waɗanda ba su da dabba, wadda yake sayar wa masu kiwo, ya ga abin da ya sauka bai taka kara ya karya ba. Ya girgiza kai ya ce, "In kowa ya koma irin naka, ai ni da awakin unguwar nan mun shiga uku."